Koke ga Mai Girma Hakimi kan darasin kimiyya da faɗakarwa kan shaye-shaye a aji huɗu zuwa shida na firamare

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Mai Girma Dagaci da masu unguwanni,
Kwafi ga Sakataren Ilimi na Ƙaramar Hukuma.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sa ka gama da talakawanka lafiya. Mu ne 'ya'yanka, iyayen yara da tsofaffin malaman firamare da ma'aikatan lafiya mazauna ƙasarka. Mun san ba a ɗaga murya a gaban manya, kuma ba don abin da ya faru makon jiya ba, da mun ci gaba da zarya a ƙofofin da muka saba. A gafarce mu idan alƙalami ya yi zafi a wani wurin.

Ranar Talatar makon jiya, lokacin tara, an tarar da yara huɗu 'yan aji biyar da shida a bayan ajujuwa suna shaƙar sholisho a tsumma. Wanda ya gan su ya zari bulala ya bi su a guje. Ƙaraminsu, wanda bai wuce shekara 11 ba, ya yanke jiki ya faɗi. Aka kwantar da shi rigingine, aka sheƙa masa ruwa, wani ya buɗe masa baki zai ɗura madara, wani na cewa a zura masa yatsa ya yi amai. Gwangwanin kuwa aka jefa shi masai don kada makaranta ta ji kunya. Allah ya sa da sauran shan ruwa, yaron ya farfaɗo a asibiti.

Allah ya taimaki Hakimi, tun daga bulalar har zuwa masan, babu mataki ɗaya da aka yi daidai. Ba mugunta ce ta jawo haka ba, rashin sani ne, kuma shi ne ya fi tayar mana da hankali, don a makaranta abin ya faru, a hannun waɗanda aka ɗora wa koyar da kimiyya. Sholisho da fetur da tina da wasu nau'o'in gam suna ɗauke da sinadarai masu saurin bin iska, irin su toluwin. Da an shaƙa sai su ratsa huhu su shiga jini, cikin 'yan daƙiƙoƙi sun isa ƙwaƙwalwa. Suna kuma raunana tsarin bugun zuciya, ta yadda firgita ko gudu kwatsam kan iya birkita ta ta tsaya cak, ko da ranar ce yaron ya fara shaƙa. Don haka yaron da aka kama yana shaƙa ba a daka masa tsawa, ba a kora shi. A hankali ake karɓe abin, a fito da shi sarari. Wanda ya suma kuwa ba a ba shi komai ta baki, domin abin zai bi hanyar iska ya gangara huhu. Ba a sa shi amai. A sassauta masa wuyan riga, a kwantar da shi a gefe guda, ƙafar sama a lanƙwashe, haɓa a ɗan ɗage, yadda in amai ya zo zai zubo waje. A duba ko ƙirji na ɗagawa, sannan a tafi asibiti da shi tare da gwangwanin ko kwalin abin da ya sha, don da shi likita zai san abin da yake yaƙa. Wannan bayani bai kai darasin minti talatin ba. Babu wanda ya taɓa yi wa malamanmu shi.

Abin haushin shi ne ba wani sabon abu muke roƙo a ƙirƙiro ba. Hukumar NERDC mai tsara manhajar ƙasa ta riga ta sa magunguna da illar shaye-shaye a cikin darussan kimiyyar firamare, tare da sassan jiki da numfashi da zagayawar jini. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce kowane yaro na da haƙƙin shekara tara na karatu kyauta. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, ajujuwanmu kuwa sun wuce haka nesa ba kusa ba. Yadda ake koyar da darasin yanzu kowa ya sani: a rubuta ma'anar ƙwaya da Turanci a allo, yara su kwafa, su rera kamar waƙa, a kawo ta a jarrabawa, an gama. Yaron da ya ci maki goma bisa goma a wannan tambaya yana iya fita tara ya karɓi tsumman, don bai taɓa haɗa rubutun da ke littafinsa da abin da ke hannun abokinsa ba.

Mun yi magana, ranka ya daɗe. An faɗa a taron iyaye da malamai, an faɗa a kwamitin kula da makaranta, an rubuta, an sake rubutawa, an aika wakilai ofis, an ce a dawo bayan hutu, an dawo an ce ana jiran amsa daga sama. Mu kanmu mun daina ƙirga zuwan. Sau ɗaya aka kawo takardun bango masu hoton ƙoƙon kai, aka liƙa, damina ta wanke su.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda: miliyan 10.6 tabar wiwi, miliyan 4.6 magungunan kashe raɗaɗi irin su tiramadol, miliyan 2.4 maganin tari, wasu na shan fiye da ɗaya. Daga shekara 15 aka fara ƙirgar. Ɗan aji shida shekara uku ko huɗu suka rage masa ya shiga wannan lissafi, kuma da yawa daga cikinsu daga firamare suke ajiye karatu, babu wani aji a gaba da za a gaya musu.

Ga abin da muke roƙon a koyar, kuma babu abin da yake buƙatar ɗakin gwaje-gwaje a ciki.

A aji huɗu a fara da bambancin magani da guba, wanda sau da yawa yawa ne kawai. A zuba cokali ɗaya na gishiri a ƙaramin kofi na ruwa mai tsabta, a zuba cokali ɗaya a bokiti, a bar yara biyu su ɗanɗana. Gishirin ɗaya ne, mazubin ne ya bambanta. Jikin yaro shi ne kofin. Daga nan sai a kawo farasitamol, tunda babu gidan da babu shi. Babba ba ya wuce ƙwaya takwas masu nauyin miligiram 500 a awa 24, yaro kuwa da nauyin jikinsa ake auna masa, kimanin miligiram 15 ga kowane kilo a kowane sha. Wanda ya zarce, hantarsa ce ke lalacewa, kuma a ranar farko yana iya tashi yana wasa kamar ba komai, shi ya sa iyaye ke makara. Sai a raba wa yara kwalayen magani, kowane rukuni ya nemo sunan maganin, ƙarfinsa, lambar NAFDAC da ranar da zai daina aiki. Kwalayen su zama fanko, muna maimaitawa, fanko, malami ya duba kowanne da hannunsa kafin ya shiga aji.

A aji biyar a gina huhu. Ana buƙatar gorar roba mai kauri, balan-balan biyu da salatif. Malami ya yanke gindin gorar tun a gida, kada a ba yara reza. A naɗe bakin yankan da salatif, in ba haka ba kaifin zai huda balan-balan. A zura balan-balan ɗaya cikin gorar, a naɗo bakinsa a kan bakin gora. A yanke wuyan na biyun, a shimfiɗa shi ya rufe gindin, a ɗaure tam. In an ja na ƙasa, na ciki zai kumbura. In an saki, ya saɓe. Haka tantanin da ke ƙasan ƙirji yake jawo iska. In bai kumbura ba, ɗayan biyu ne: ko iska na zurarewa ta gefen gindin, ko gorar ta yi laushi tana lotsewa. Bayan wannan a ɗiga tawada ɗigo ɗaya a kofin gilashi mai ruwa, kada a motsa, yara su zuba ido su ga ta game ruwan, su gane abin da ya shiga jini ba ya tsayawa wuri ɗaya. A ɗiga ruwa da sifirit gefe da gefe a kan tebur a ga wanda ya riga bushewa, kwalbar tana hannun malami, ba mai sunsunawa. Sai kuma bugun zuciya: yatsu biyu a wuyan hannu, ban da babban yatsa don shi ma yana da nasa bugun, a ƙirga na daƙiƙa 15 a ninka sau huɗu, a yi tsalle na minti ɗaya, a sake ƙirgawa. Gani ya kori ji. Yaron da ya ji zuciyarsa na gudu a ƙarƙashin yatsunsa zai fahimci abin da ya sami abokinsa ranar Talata.

A aji shida a yi bayanin yadda jiki ke sabawa, ƙwaya ɗaya ta daina isa, a koma biyu, har mutum ya kasa tashi sai da ita. Sannan a yi gwajin ƙin karɓa, bibbiyu: ɗaya ya miƙa, ɗaya ya ce a'a, ya ba da dalili gajere, ya bar wurin, ya gaya wa babba. A canja, a sake, har bakinsu ya saba. Mafi yawan lokaci ba baƙo ke miƙa wa yaro ba, aboki ne ko yaya, ko wanda ya aike shi sayowa, don haka gwajin ya haɗa da yadda ake ƙin aiken babba cikin ladabi.

Akwai kura-kuran da muke roƙon a ja kunnen malamai a kansu. Kada a ce wa yara duk wanda ya taɓa nan take zai haukace. Suna ganin masu sha suna yawo garau, daga ranar sun daina yarda da sauran maganar malam. Kada a jera musu sunayen kayan maye da yadda ake haɗa su, wannan talla ce. Kada a fito da yaron da aka kama gaban asambuli a zane shi, abin da sauran za su koya shi ne ɓoyewa. Kuma a yi bayanin da Hausa, a ba da kalmar Turancin daga baya don jarrabawa.

Saboda haka muna durƙusawa muna roƙon Mai Girma ya kira Sakataren Ilimi da shugabannin makarantu ya ji dalilin da ya sa darasin kimiyya ya koma kwafar allo. Muna roƙon a ware yini biyu kafin sabon zango a horar da malaman aji huɗu zuwa shida, yini ɗaya kan waɗannan gwaje-gwaje, yini ɗaya kan taimakon gaggawa. Ma'aikatan lafiyar da ke cikinmu za su yi ba tare da an biya su ba. A ba kowace makaranta akwati ɗaya mai makulli na kayan gwajin, a rubuta sunan mai riƙe da shi. Masu duba makarantu su riƙa shiga aji suna ganin gorar da idonsu, su daina tsayawa a ofis suna sa hannu a littafin darasi. A gayyato jami'an hukumar NDLEA, wadda tun 1989 aka kafa ta don wannan aiki, amma su zo aji-aji, kada a tara yara ɗaruruwa a rana ana jawabi da lasifika. A sa malami mai tsaron bayan ajujuwa lokacin tara. A gyara katangar da ta rushe.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yaro ɗan shekara 11 bai ƙera sholisho ba, wani babba ne ya karɓi kuɗinsa ya miƙa masa. Muna roƙon Mai Girma ya umarci masu unguwanni su tara masu faci da masu shaguna da masu kemis, a gaya musu a gaban shaidu cewa ba a sayar wa yaro sholisho ko tina ko fetur a kwalba, ko da ya ce aiko shi aka yi. Tun watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. Tiramadol kuma mai miligiram 50 da 100 kaɗai NAFDAC ta amince da shi, shi ma sai da takardar likita. Duk wanda aka gani da mai 225 a shagonsa ya san abin da yake yi. Masu unguwanni sun san shagunan, mu ma mun sani, a miƙa su ga hukuma.

Muna sake roƙo, ranka ya daɗe, a horar da malaman nan kafin sabon zango, kada a ce sai an kafa kwamiti. Yaran huɗu kuma kada a kore su, korar za ta miƙa su ne ga wanda ya sayar musu. A haɗa iyayensu da ma'aikacin lafiya, su dawo aji. Muna jiran ranar da Mai Girma zai ba mu izinin zuwa fada, za mu zo da gorar da balan-balan mu haɗa a gabansa.

Allah ya ƙara wa Hakimi lafiya da ɗaukaka, ya kare zuri'arsa da tamu.

Mu ne naka masu biyayya,
Iyayen yara, tsofaffin malaman firamare da ma'aikatan lafiya na ƙasarka.