A Riƙa Gwada Ƙwayar Cuta Kafin A Rubuta Magani

Malam Edita,

Ina roƙon fili a jaridarku domin in ja hankalin hukumomin lafiya kan wani gwaji na gano maganin da ke aiki a kan ƙwayar cuta, wanda masu bincike biyu, Kirby da Bauer, suka daidaita tsarinsa a Amurka a 1966. Ana shafa bakteriyar da aka samo daga fitsari ko jini ko mugunyar majiyyaci a kan faranti mai ɗauke da abincin da take tsirowa a kai, sannan a jera ƙananan takardu masu zagaye, kowacce da nata maganin. Bayan awa 16 zuwa 18 a ɗumin digiri 35 na ma'aunin Celsius, sai a auna da milimita faɗin filin da ƙwayar ta kasa tsirowa kewaye da kowace takarda. Idan ta mamaye har bakin takardar, to ta bijire wa wannan maganin, kuma shan sa asarar kuɗi ce da lokaci.

Abin takaici, mutanenmu da dama kemis suke nufa su sayi magani bisa zato. Ina kira ga gwamnatocin jihohi da su samar wa asibitocinmu kayan gwajin tare da tsayayyiyar wutar lantarki, domin takardun suna lalacewa idan ba a firiji aka adana su ba.

Naku,
Wani ma'aikacin ɗakin gwaji, Kano