Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugaban Hukumar Gidajen Gyaran Hali

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa. Ni tsohon gandiroba ne. Na daɗe da ajiye kaki, amma har yau in na ji ƙarar mukullai sai na waiga. Abin da ke damuna shi ne yadda ake zama a hedikwata a tsara aikin shekaru, a buga a takarda mai sheƙi, ba tare da an tambayi mai riƙe da mukullin ko uffan ba.

Akwai wani dare da ba na mantawa. Ma'aikacin jinya ya lura wani fursuna ya kwana uku bai zo karɓar magani ba. Mai rabon abinci ya ga kwanonsa yana dawowa yadda aka kai. Malamin da ke koya musu kafinta ya ga bencinsa babu kowa. Kowa ya ga nasa, kowa ya yi gum, domin ba a ware lokacin da za su haɗu su faɗa ba. Ni da na karɓi aikin dare, abin da aka miƙa mini shi ne, "An ƙirga, sun cika." Da asuba muka same shi rai a hannun Allah. Da ƙyar ya sha.

Manyan tarzoma ma da haka suke farawa. A kurkukun Strangeways da ke Manchesta a Ingila, an cusa mutum sama da 1,600 a wurin da aka yi don 970. Tun kafin 1 ga Afrilu, 1990, wasu fursunoni sun tsegunta cewa za a yi rikici a cocin gidan. Aka yi ɗin, kuma sai da aka kwana 25 kafin a kwantar da shi.

Ƙa'idojin Nelson Mandela guda 122 na kula da fursunoni, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, sun nemi a horar da ma'aikata kan tsaron da ake samu ta hanyar sanin fursuna da magana da shi, ba katanga kaɗai ba. Sun ce a sa likitocin ƙwaƙwalwa da malamai da masu koyar da sana'a cikin ma'aikata. To, ina amfanin tara su in ba sa jin juna?

Roƙona bai da tsada, ranka ya daɗe. A wajabta zaman minti goma sha biyar duk lokacin miƙa aiki, mai jinya da malami da gandiroba a ɗaki ɗaya, a rubuta abin da aka faɗa a littafi. Atisayen gobara da na tarzoma a yi shi da dare ma, lokacin da hannu ya yi ƙaranci. Kuma kafin ka sa hannu a tsari na gaba, ka kira ƙananan ma'aikata ka saurare su, shugabanninsu suna waje, don in suna ciki ba wanda zai buɗe baki.

Naka mai biyayya,
Wani tsohon gandiroba