Rahoton Ayyukan Shekara: Duba Idon Masu Ciwon Suga Daga Nesa

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

Bana kwamitin nazari ya mai da hankali kan abu guda: yadda ake duba idon masu ciwon suga a ƙauyukan Filifin ba tare da likitan ido ya taka ƙafa wurin ba. Tsibiran ƙasar sun haura 7,000, likitocin ido kuma sun fi taruwa a Manila da manyan birane. Aikin da muka fi bibiya shi ne na lardin Nueva Ecija a tsibirin Luzon, wanda Jami'ar Filifin ta Manila ta yi tare da Jami'ar Queen's ta Belfast, ta amfani da kyamarorin hannu masu ɗaukar hoton cikin ido.

Ma'aikatan lafiya na barangay, wato ƙaramar gunduma, su suka san gidajen masu ciwon, don haka su ya kamata su tattaro su. Ga tsarin da muka koyar a bitocin bana. A fara da gwajin ƙarfin gani, ido ɗaya bayan ɗaya. A ɗiga tropicamide, maganin buɗe ƙwayar ido, mai ƙarfin kashi 1 cikin 100, a jira minti 20 zuwa 30 ƙwayar ido ta buɗe. Sai a ɗauki aƙalla hoto biyu a kowane ido, ɗaya a kan macula, tsakiyar gani, ɗaya a kan inda jijiyar gani ta shiga. Hotunan ana tura su ta intanet ga ƙwararrun masu tantancewa, su nemi alamun lahanin da ciwon suga ke yi wa ido: ɗigon jini, da taruwar maiƙo, da sababbin jijiyoyi marasa ƙwari.

Inda muka fi ɓata lokaci shi ne hoton da ba ya karantuwa. Yanar ido na sa hoto ya yi hazo. Ido mai duhu yakan yi jinkirin buɗewa, mai ɗauka ya ƙosa ya ɗauka da wuri, gefen hoton ya fito baƙi. Ƙura a gilashin kyamara kan bar tabo a wuri ɗaya a hoton kowa. In tabo ya maimaitu haka, laifin gilashi ne, a goge shi. Matsayarmu ita ce duk hoton da bai karantu ba, a tura mai shi asibiti. Kuskure ne babba a rubuta masa "lafiya lau".

A gaya wa mutum tun kafin ɗiga magani cewa ganinsa zai dushe na awa huɗu zuwa shida. Mai tuƙa babur mai ƙafa uku ya zo da wanda zai mayar da shi gida. Wanda ya ji zafin ido mai tsanani da tashin zuciya bayan ɗigawa ya tafi asibiti nan take.

Mai ciwon suga nau'i na 2 a duba idonsa ranar da aka gano ciwon, sannan duk shekara. Mai nau'i na 1 cikin shekara biyar da ganowa.

Abin da bai kammalu ba shi ne bibiyar waɗanda aka tura asibiti. Cutar da ciwon suga ke jawo wa ido ba ta zafi da farko, ga kuɗin mota, sai mutum ya ajiye takardar, alhali aikin hasken leza ko allurar cikin ido kan tsare gani in an yi da wuri. Kwamitin zai kawo daftarin rajistar bibiya a taro mai zuwa, mai ɗauke da ranar turawa da ranar da aka ga likita.