Kafin a fasa ɗakin ƙasa a yi banɗakin zamani

Assalamu alaikum Edita, dan Allah a ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan uwana masu gidajen gado a cikin birnin Kano, irin su Yakasai da Mandawari da Jakara, kan wannan yayin gyaran banɗaki da ya shigo.

Yanzu da mutum ya ɗan samu kuɗi ko za a kawo amarya sai ya nufi Ƙofar Ruwa ya jido tayil da fayif da masai na zama, ya kira filamba a yanki ɗaki a yi banɗaki a ciki. Ba laifi bane wallahi, kowa na son tsafta, kuma iyayenmu masu ciwon gwiwa tsuguno yana ba su wahala. Amma ginin ƙasa fa ba bulo bane. Magina na da sun san ruwa ne ajalinsa shi yasa suke kai banɗaki can ƙuryar tsakar gida nesa da ɗakunan kwana, su sa indararo ya watsa ruwan sama waje, su yi yaɓe da makuba. Kai kuma ka zo ka binne fayif a cikin bangon, ka shafe da siminti ka manna tayil, to ranar da wani haɗi ya fara yoyo ba za ka gani ba, ta waje fes yana ƙyalli ta ciki ƙasa tana shan ruwa, simintin kuma ya hana ta bushewa. Sai dai ka ji tayil ya fara ƙara kamar ganga in ka ƙwanƙwasa, ko maƙwabci ya turo yaro wai katangarsu ta jiƙe ta gindi alhali ba damina ba.

Ga sokawe kuma. Gidan da faɗinsa bai taka kara ya karya ba, an riga an raba shi gida uku a gado, ina za ka haƙa? Masana lafiya suna cewa a bar kamar mita 30 tsakanin rami da rijiya, a lungunanmu wa yake da wannan? Wasu kawai sai su saki bututun cikin kwata, nan yara suke wasa, damina ta zo a ce amai da gudawa.

Ruwan ma fa. Korar masai na zama sau ɗaya lita 6 zuwa 9 ce, jarkar mai garuwa lita 25, yi lissafi da kanka a gida mai mutum goma da famfo ba ya kawowa.

Wasu suna cewa to a sayar kawai a koma Ɗanbare ko Jaba a yi sabo. Ni dai ban goyi baya ba in akwai dattijai a gidan, ka ɗauke Hajiya daga lungun da ta san kowa, kuɗin kason naka ma da ƙyar ya kai ka linta. Abinda nake gani shine a gina ɗan banɗakin bulo daban a tsakar gida da nasa tushen, kar ya jingina da bangon ƙasa, fayif ya bi ta waje inda ido zai gan shi, a sa masai na tsuguno da buta ko bokiti ke korawa, na zama guda ɗaya saboda Baba da Hajiya da ƙarfen dafawa a gefe, tayil ɗin ƙasa kuma mara santsi. Kuma a nemi tsohon magini ya duba azara da gindin katanga kafin filamba ya ɗora guduma.

Naku,
Mai karatu daga Mandawari, Kano