Jami'o'inmu na bukatar na'urar eksire ta bincike

Ranka ya daɗe Edita,

Fiziks nake koyarwa a Garwa. Ɗalibaina sun ɗauka eksire na asibiti ne kawai. Akwai na'urar da ke auna ɗan karkacewar hasken eksire bayan ya ratsa abu, ƙasa da digiri 5, ta nuna ƙananan tsare-tsare masu girman nanomita 1 zuwa 100 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita) da ke cikin abu kamar zaren audugarmu ko ƙaron Chadi.

Wuyar ƙera ta, sirantar da hasken. Masanin kimiyya Otto Kratky na Ostiriya da tubalan ƙarfe ya sirantar da shi, wasu kuma da ƙananan ƙofofi. Sannan a zuƙe iskar bututun da hasken ke bi kaf, domin ita ma tana watsa hasken, balle ƙurar hunturunmu.

Don Allah jami'o'in Marwa da Ngaundere su haɗa kuɗi su mallaki guda, ba sai an kai samfur Faransa ba.

Wani malami, Garwa