Wasiƙa Zuwa Kumasi: Takardar Da Na Tsinta a Adakar Inna

Kano,
Daren Juma'a.

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara da jikoki. Yaya ƙafar? An ce mini har yanzu kullum sai ka fita kasuwa kamar ɗan shekara talatin. Ka rage, mutumina, jiki ba ƙarfe ba ne. Mu nan lafiya lau, sai zafi da tsadar kaya, waɗanda kai ma ba baƙinka ba ne. Saƙon ta'aziyyarka na rasuwar Inna ya iso, har da abin da ka haɗo da shi. Na gode, Allah ya bar zumunci.

Da ta waya zan yi maka wannan magana, na san ba za ka bari in kai aya ba, shi ya sa na ɗauko biro. Bayan an yi sadakar arba'in muka taru da 'yan'uwa aka buɗe adakar Inna. Atamfofi ne da turare da carbi, sai can ƙasa wani ƙunshin leda da aka ɗaure da tsumma. Na ɗauka kuɗi ne ko takardar gona. Da na kwance sai ga takardar shaidar gama ajin yaƙi da jahilci ta Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, ta yi ja don tsufa, tare da wani littafin rubutu. Shafi uku na farko ba komai a ciki sai sunanta, layi bayan layi, baƙaƙen suna tangaɗi kamar sawun kaza, har can wajen ƙarshe suka miƙe. Fiye da shekara arba'in tana ajiye da su, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa nuna mini ba. Wallahi ranar jana'iza ban yi kukan da na yi a gaban adakar nan ba.

Tun daga ranar nake ta tunanin Abubakar Rimi, tsohon gwamnan Kano da ya kafa hukumar nan. Na san ka riga ka taɓe baki. Ɗan taɓo, na ɓangaren Malam Aminu Kano, har abada! To, ka yi haƙuri ka karanta, in ka gama ka aiko da naka martanin.

Ka tuna yadda muka fara ganinsa? Mutumin ƙauyen Rimi ne ta ƙasar Sumaila, an haife shi a 1940, wato bai cika arba'in ba lokacin da aka rantsar da shi gwamna ranar 1 ga Oktoba, 1979. Tun yana saurayi ɗan jam'iyyar NEPU ne, ya yi karatu a Zariya, ya kai har Jami'ar Sussex a Ingila, ya yi aiki a cibiyar nazarin harkokin ƙasashen waje da ke Legas, sannan ya shiga majalisar tsara tsarin mulki ta 1977 zuwa 1978. Daga nan jam'iyyar PRP ta Malam Aminu ta tsayar da shi. Ga tsayi, ga ƙwalisa, ga baki. In ya hau mumbari ko ya shiga rediyo, mai shayi ma sai ya rage wuta ya saurara. Jihar Kano ta lokacin kuwa ba wannan ba ce, har da duk abin da ya zama Jigawa a 1991, daga Kazaure zuwa Haɗeja.

In aka tambayi mutanen yanzu abin da ya yi, sai su ce ya soke haraji da jangali, ya ba ma'aikata hutun ranar 1 ga Mayu tun a 1980 kafin gwamnatin tarayya ta bi sahu, ya kafa jaridar Triumph da gidan talabijin na CTV wanda yau yake ɗauke da sunansa. Duk gaskiya ne. Amma ba kowa ke ambaton hukumar ilimin manya da ya kafa a 1980 ba, alhali ita ce irinta ta farko da wata jiha ta kafa a ƙasar nan, hukuma mai cin gashin kanta, da ma'aikatanta da kasafinta. Kafin nan ilimin manya wani ɗan lungu ne a cikin ma'aikata, abin da ake tunawa da shi in an gama rabon kuɗi an ga saura. Sai a watan Satumba na 1982 gwamnatin Shagari ta ƙaddamar da nata gangamin na ƙasa baki ɗaya, hukumar tarayya ta wannan aiki kuma ba ta samu ba sai 1990. A 1983 hukumar UNESCO ta ba Kano lambar yabo a kan aikin. Mu da muke riƙe da alli a ƙauye a rediyo muka ji, muka yi ta washe baki kamar mu aka kira da suna.

Ba shi ya fara yaƙi da jahilci a Arewa ba, kuma ba zan yi masa ƙaryar yabo ba. Tun a shekarun 1950 aka yi babban gangami a Jihar Arewa, wanda Alhaji Ahmadu Coomassie na Katsina ya ja ragamarsa, mahaifin Ibrahim Coomassie da ya zama Sufeto Janar na 'yan sanda. Af, ka san wannan sunan tsohon rubutun Turawa ne na garin da kake zaune? Kai da ka shekara talatin a Kumasi sai ka bincika mana a zango yadda aka yi sunan ya bi su har Katsina. A wancan zamanin ne aka kafa hukumar NORLA a Zariya don buga littattafai, aka kuma fito da ƙananan jaridun larduna, irin su Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato, saboda wanda ya koyi karatu ya sami abin karantawa kada ya manta. Kawu yana cikin waɗanda suka koya a lokacin, shi ya sa shi kaɗai ne mai karanta wa unguwarmu wasiƙa. Daga baya abin ya yi sanyi. Ko da aka kawo shirin UPE na ilimin firamare kyauta a 1976, yara aka kwasa zuwa firamare, iyayensu kuma aka bar su a inda suke. Abin da Rimi ya yi shi ne ya waiwayi iyayen.

Ni a ganina soke haraji da buɗe ajin manya abu guda ne, ko da yake sai da na tsufa na gane haka. Ka san labarin Baba. Wata shekara ya biya haraji aka ba shi takarda, ya ninke ya sa a hula. Da aka zo zagaye na biyu ya fito da ita, mai karɓa ya duba ya ce ta bara ce. Baba bai da bakin musu, don bai san abin da ke jikinta ba. Akuya ya sayar ya sake biya. Sai bayan kwana biyu Kawu ya dawo daga tafiya ya duba ya ce ta bana ce. Wa za a kai wa ƙara? Har ya bar duniya Baba bai daina ba da wannan labari ba. Soke haraji ya raba shi da wannan takarda guda ɗaya, amma ga takardar taki, ga ta asibiti, ga ta kotu, ga awon gyaɗa da auduga a kan sikeli, kowacce da irin nata mai dubawa. Wanda ya taso a NEPU ya san wannan ciwo tun kafin ya shiga ofis.

Duk da haka Baba ya ƙi zuwa aji da farko, kuma dalilinsa yana da ƙarfi. Sunan ne ya ɓata masa rai. Mutum ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta lissafin bashinsa da ajami, sannan a ce ya zo a yaƙi jahilcinsa? Ya ce shi da ɗan da ya haifa a ga wane ne jahili. Na rasa amsa, don ni a lokacin ko izu goma ban riƙe ba. Kai ne ka shawo kansa, ka tuna? Ka je zaure ka durƙusa ka ce masa ba jahilci za a cire masa ba, makamin masu duba takarda za a ba shi. Ya yi shiru, ya ce to, amma ba zai zauna a gaba ba. Abin mamaki, irinsu masu karatun allo su suka fi kowa saurin kamawa. Wanda ya saba haɗa baƙi da wasali a allo, ba, be, bi, bo, bu ba ta ɗaukar masa mako biyu. Wahalarsu ɗaya, hannu ya saba tafiya daga dama zuwa hagu, sai ka ga dattijo ya fara sunansa daga ƙarshen layi.

Ina ganin ajin nan kamar jiya. Bayan la'asar, an tashi 'yan firamare, manya su shigo su takure a bencin yara, gwiwa na taɓa haɓa. Mahauci da warin nama, maƙeri da baƙin hannu, mai unguwa da kansa a gefe yana yi kamar duba mu ya zo yi, alhali fensir na cikin aljihunsa. Da damina aji ya watse sai an gama noma, mu sake farawa kusan daga tushe. In magariba ta kawo jiki a kunna fitilar ƙwai. Alawus ɗinmu kuwa, in ya zo mu sayi sabulu da batir, in ya makara mu yi ta zagin gwamnati a hanya muna tafiya ajin. Kai da kake ɗan taɓo ka fi ni zuwa a kan lokaci, wannan na ba ka.

Na mata daban ne. A cikin gidan mai unguwa ake yi da hantsi, malama mace, ana haɗawa da ɗinki da saƙa da kula da lafiyar yara, don da haka ne mazan suka yarda. Inna ta ce wa Baba ɗinki za ta koyo. Ni kaina ɗinkin na ɗauka take koyo, sai ranar da na tarar da ita tana karanta rubutun jikin gwangwanin madara a hankali, tana bi da yatsa. Da ta gan ni ta tura shi ƙarƙashin tabarma, kunya ta kama ta kamar na kama ta da sata.

To, yanzu ga naka ɓangaren, kada ka ce na ɓoye. Rimi yana da zafin kai, bakinsa kuma ba ya da linzami. Rigimarsa da Malam ta raba PRP biyu, ta raba gidaje, ta kusa raba ni da kai. Wata shida ba mu gaisa ba saboda santsi na Rimi da taɓo na Malam, muna koyarwa a aji ɗaya! Takardar tuhumar da gwamnatinsa ta aika wa Sarki Ado Bayero ita ta jawo tarzomar 10 ga Yuli, 1981, aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka kashe mai ba shi shawara kan siyasa, Dakta Bala Muhammad. Ba na ɗora masa jinin, waɗanda suka yi kisan su suka yi, amma mai hankali ya san garin da yake mulka. Sannan a 1983, ga Malam ya rasu a watan Afrilu, shi kuma ya sauka daga kujera ya koma jam'iyyar NPP, ya bar wa mataimakinsa Abdu Dawakin Tofa ragowar watannin, Sabo Bakin Zuwo ya kayar da shi a zaɓe. Sojoji suka zo a ƙarshen shekarar suka ɗaure shi. Daga baya ya karɓi ministan sadarwa a gwamnatin Abacha, abin da har yau ban iya kare shi a kai ba, ko da yake gwamnatin nan ce ta sake tsare shi da ya shiga sahun masu ce mata a'a. Yana cikin waɗanda suka kafa PDP a 1998. Ƙarshen rayuwarsa akwai ban tausayi: aka shiga har gida aka kashe matarsa Sa'adatu a farkon 2006, shi kuma ya rasu ranar 4 ga Afrilu, 2010, bayan 'yan fashi sun tare su a hanyar dawowa daga Jihar Bauchi. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa.

Abin da nake so ka sani, wanda ƙanwata ta faɗa mini ranar da muka buɗe adakar, shi ne wannan. A zaɓen 1979, wanda shi ne babban zaɓe na farko da matan Arewa suka jefa ƙuri'a, Inna mabuɗi, alamar PRP, aka ce ta nema, ta neme shi ta dangwala. A 1983 kuwa da kanta ta karanta baƙaƙen da ke jikin takardar. Ta ga NPP, ta san nan Rimi yake, ta wuce. Ta ga PRP ta dangwala wa Sabo. Da ƙanwata ta tambaye ta dalili, ta ce Rimi ya koya mata karatu ta gode, amma ba za ta bi wanda ya bar Malam ba. Ka ji! Ina ta yawo da hoton Rimi Limamin Canji a gaban keke, ashe a cikin gidanmu akwai 'yar taɓo, kuma da karatun da ya ba ta ta kayar da shi. Na san yau za ka yi barci da dariya.

Hukumar tana nan har yanzu, amma ajin ƙauyenmu ya daɗe da mutuwa, kuma in ka zaga tasha da kasuwa za ka ga samari da waya a hannu, sai dai saƙon murya, don ba sa iya rubutawa. Akwai uku a layinmu, masu tura baro da ɗan acaɓa ɗaya, da na ce su riƙa zuwa zaure bayan isha. Biyu sun zo jiya. Na nemi irin littafin da muka yi amfani da shi na rasa, sai da kwali da alli na fara. In kana da sauran naka a cikin tarkacenka, don na san ba ka yar da takarda, ka ba direbobin goro su taho mini da shi, ko ka sa jikanka ya ɗauki hoton shafukan ya turo.

Ka gaida uwargida da kyau, ka ce mata maganin ƙafar da ta yi mini alkawari har yanzu ina jira. Mutanen gida duk suna gaishe ka. In Allah ya kai mu babbar salla ka daure ka zo, takardar Inna na nan na sa an yi mata gilashi, sai ka gani da idonka.

Wassalam.

Naka har kullum,
amininka ɗan santsi.