Wasiƙa zuwa Gembu kan batun digirinka na biyu

Kano, daren Lahadi.

Aminina Malam,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya sanyin Mambila, yaya kuma fama da ɗalibai? Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Hajiya tana yawan tambayarka, ta ce in ka samu hutu kada ka wuce Kano ba ka leƙo ta ba.

Saƙonka ya same ni. Da gangan na ƙi amsa maka ta waya, domin maganar ta fi ƙarfin layin da ke yankewa kafin a gama gaisuwa. Ka ce zuciyarka ta rabu biyu: ko ka nemi digiri na biyu a fannin shugabancin makarantu, kamar yadda abokan aikinka suke ba ka shawara, ko ka karanci ilimin yara masu buƙata ta musamman saboda yarinyar nan kurma da aka kawo ajinka. Ba zan yi maka kwana-kwana ba, ka ɗauki na biyun. Amma ka ɗauke shi da niyyar komawa aji bayan ka gama, don masu takardar shugabanci sun cika ofisoshi, wanda zai zauna gaban yarinyar ya san abin da zai yi mata shi ne babu.

Bari in fara da ita yarinyar, tun da ita ce ta tayar maka da maganar. Ka ce shekararta 9, ta yi sanƙarau tana 'yar shekara 4, ta tashi daga ciwon ba ta ji. Wannan labari ne da muka saba ji a makarantarmu. Yankinmu yana cikin ƙasashen da sanƙarau ke ratsawa duk bazara, ka kuma tuna annobar 1996 da ta kashe sama da mutum 11,000 a ƙasar nan, da yawa daga waɗanda suka tsira kuwa kunnensu bai dawo ba. Abin da karatun zai koya maka na farko shi ne kurumta ba iri ɗaya ba ce. Yarinyar da ta riga ta iya magana kafin ciwo ya same ta tana da Hausa ko Fulatanci ajiye a kanta, aikinka shi ne ka hanzarta ɗaure wannan harshe da rubutu kafin ya dushe. Yaron da aka haifa ba ya ji kuwa, bai taɓa jin kalma ko ɗaya ba, hanyarsa daban ce tun daga tushe. Malamin da bai san wannan ba zai haɗa su a benci ɗaya ya yi ta ɗaga murya, ya gaji, su ma su gaji.

Akwai wata takarda da za a sa ka koyi karantawa, ta awon ji. Ana sa wa yaro abin kunne a ɗakin da babu hayaniya, a riƙa aika masa sauti daga mai kauri zuwa siriri, yana ɗaga hannu duk lokacin da ya ji, mai awo yana ɗiga alama a kan jadawali. Ƙarfin sauti da desibel ake auna shi. Hirar yau da kullum tana wajen 60, wanda ba ya ji sai an haura 90 kuwa kurumtarsa mai tsanani ce. Ranar da na fara riƙe irin wannan takarda ta wani yaro a ajina, sai na ga layin yana tafiya daidai a sautuka masu kauri, ya zo kan sirara ya gangara ƙasa. Ashe yaron yana jin muryata, yana jin ganga da ƙarar babur, amma "s" da "f" da "sh" ba sa isa gare shi, kalmomi suna zuwar masa a gutsure. A gida an ɗauke shi mai taurin kai, wai yana ji sarai, ƙin amsawa yake yi. Na kira mahaifinsa na shimfiɗa masa takardar a kan tebur, na bi layin da yatsa ina yi masa bayani. Mutumin ya daɗe bai ce komai ba, daga baya ya ce ya sha dukan yaron a kan laifin da ba nasa ba. Muka dawo da yaron benci na gaba, na daina magana ina fuskantar allo, aka kuma nema masa na'urar taimakon ji. Kada kuma wani ya ruɗe ka da cewa kallon leɓe ya wadatar. Ka tsaya gaban madubi ka ce "baba", ka ce "mama", ka ga ko idonka zai bambance su.

Game da inda za ka je: Jami'ar Bayero a nan Kano tana da sashen wannan fanni, Jami'ar Jos ma tana da shi, haɗe da ilimin farfaɗo da masu lalura, ga kuma Jami'ar Ibadan wadda sashenta yana cikin tsofaffi a ƙasar. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta musamman da ke Oyo, wadda aka kafa a 1977, ita ce ta yaye da yawa daga malaman da za ka tarar a makarantun kurame da makafi, sai dai kai ka wuce matakin NCE, takardar shaidar malanta da ake bayarwa a can. Son raina ka zo Kano mu riƙa ganin juna, amma gaskiya Jos ta fi maka kusa daga Taraba, kuma kusa da ita akwai Gindiri, inda 'yan mishan na SUM suka buɗe makarantar makafi a 1953, ta farko a Najeriya. Tun da digirinka na farko a ilimi ne, ba sai ka bi ta PGDE, diflomar koyarwa ta bayan digiri, ba. Sai dai wasu sassan sukan so ganin ka taɓa karanta wani abu na fannin a baya, don haka ka nemi takardar sharuɗɗan kowace jami'a ta bana ka karanta da idonka kafin ka sayi fom.

Tsarin karatun kuwa sananne ne: zango biyu na lacca, da zuwa makaranta gwajin aiki, sannan kundin bincike da za ka kare gaban malamai. Za a zagaya da kai kan kowane reshe, wato kurame, makafi da masu raunin gani, masu jinkirin fahimta, masu wahalar karatu ko lissafi alhali hankalinsu garau, masu lalurar gaɓoɓi, har da yara masu baiwa fiye da kima, domin su ma suna cikin fannin. Daga nan ka zaɓi ɗaya ka zurfafa. Ko da kurame za ka zaɓa, kada ka yi wasa da darasin rubutun makafi. Ɗigo shida ne kacal Louis Braille ya tsara a Faransa, amma jera su yana ba da alama 63. In da allo da tsinke kake rubutu, daga dama kake hudawa zuwa hagu, sannan ka juya takardar yatsa ya karanta daga hagu zuwa dama. A garin da kai kaɗai ne ka karanci fannin, ba za a tambaye ka reshen da ka zaɓa ba, makaho za a kawo maka, gurgu za a kawo maka.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda kuma nake so ka yi bincikenka a kansa. Maganar hannun da ake koyarwa a makarantunmu ta samo asali ne daga ta Amurka. Wani kurma baƙar fata, Andrew Foster, wanda ya gama kwalejin kurame ta Gallaudet da ke Amurka a 1954, shi ne ya buɗe makarantar kurame a Gana a 1957, ya zo Ibadan a 1960, ya ci gaba har ya kafa makarantu sama da 30 a ƙasashen Afirka kafin ya rasu a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987. Aikinsa babba ne, ba mai musun haka. To amma kafin ya zo, kuramen ƙasar Hausa suna da tasu maganar hannu, wadda suke ciniki da ita a kasuwa, suke neman aure, suke faɗa da sulhu. Har yanzu in ka je inda suke taruwa da yamma a cikin birni za ka ga hira ta kaure, hannuwa suna ta tashi, ana ƙyaƙyata dariya, masu shayi da 'yan tireda na unguwar ma sun iya mayar musu. Yaro yakan zo mana da wannan harshe daga gida, mu kuma mu ajiye shi gefe mu fara masa da alamun makaranta da haruffan Turanci. Ya koma gida hutu, uwarsa ba ta gane abin da yake yi da yatsu, shi kuma ya fara jin kunyar alamun da ya tashi da su. A ganina wannan asara ce da muke jawowa da hannunmu. Ba cewa nake a watsar da ta makaranta ba, da ita zai yi jarrabawa, da ita zai yi magana da kurman Legas ko na Inugu. Cewa nake a fara da abin da yaro ya zo da shi, a ɗora ɗayar a kai. Kai da kake zaune inda Hausa da Fulatanci da harshen Mambila suke cuɗanya, in ka bi gida-gida ka rubuta yadda iyaye suke magana da 'ya'yansu kurame, ka ɗauki hoton alamun da izininsu, ka gwada amfani da su a aji ka auna sakamakon, ka yi aikin da za a amfana da shi. Ina roƙonka kada ka bi sahun masu raba takardar tambayoyi ga malamai ɗari a kan "ra'ayinsu", a lissafa kaso, a ɗaure kundi a jefa a kabad. Irin waɗannan sun yi yawa, ba su kuma koya wa yaro ko baƙi ɗaya ba.

Za ka ji ana ta muhawara a aji kan haɗa yara masu lalura da sauran yara a makaranta ɗaya. Tun taron Salamanka na ƙasar Sifen a 1994 duniya ta karkata can, dokar hana nuna wariya ga masu lalura da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ma ta ce makarantun gwamnati su karɓi kowa, kowace kuma ta samu aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar don kula da karatun irin waɗannan yara. Ni ina goyon bayan haɗin, musamman a wuri irin naku, inda kai yarinya 'yar shekara 9 makarantar kwana mai nisan yini guda a mota ba ƙaramin abu ba ne ga iyayenta. Amma haɗi ba tare da malamin da ya san aikin ba kamar a zaunar da mai jin yunwa ne gaban akushi a rufe. Na ga yaran da suka shekara biyar a benci na baya suna kwafar allo da rubutu mai kyau, ba su san ma'anar layi ɗaya ba, ana ta ciyar da su gaba don kada su tsufa a aji. Wannan ma'aikaci ɗaya da doka ta ambata, a makarantarku har yau babu shi. In ka yi karatun nan, kai ne.

Batun kuɗi ba zan ɓoye maka ba, akwai nauyi. Tallafin TETFund na malaman manyan makarantu ne, bai shafi mu na firamare ba. Abin da za ka nema shi ne hutun karatu da albashi ta hannun sakataren ilimi na ƙaramar hukuma zuwa hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, wato SUBEB. Ka shigar da takarda da wuri, ka riƙe kwafin kowace da hatimin karɓa, kada kuma ka tafi sai amincewa ta fito a rubuce, domin na san wanda ya tafi da alkawarin baki ya dawo ya tarar an tsayar masa da albashi. Ka yi lissafin kuɗin makaranta da na mota da na buga kundi, ka ƙara wani abu a kai saboda karatun yakan zarce lokacin da aka ɗibar masa. Ka zauna da uwargida ku yi shawara sosai, don ita za ta riƙe gida a watannin da ba ka nan. Kada ka sa ran takardar za ta sauya albashinka nan take, ƙarin da za a yi maka ba zai kai wahalar ba. Ni dai ban yi nadama ba ko sau ɗaya.

Kafin fom ya fito, akwai abin da za ka fara tun gobe. Ka nemi manyan kuramen garin, ba za a rasa su a kasuwa ko tasha ba, ka zauna da su su koya maka hannu. In ka je jami'a da hannunka a sake, ka riga sauran ɗalibai nisa, domin darasin maganar hannu na zango ɗaya ba ya sa mutum ya iya hira. Ka shawo kan mahaifin yarinyar ya kai ta babban asibitin da ake awon ji, a ba shi takardar, ka ɗauki hotonta ka turo mini ta WhatsApp mu duba tare. A aji kuma ka zaunar da ita gaba, inda haske ke faɗa wa fuskarka, ka haɗa ta da ƙawa mai haƙuri, ka riƙa manna sunan kowane abu a jikinsa: ƙofa, taga, allo, tulu.

Zan aiko maka da littattafaina na shekarar farko da allon rubutun makafi guda ɗaya ta hannun direban da ke zuwa Jalingo, sai ka sa wani ya karɓa maka a tasha. In ka yanke shawarar Kano, ɗakin soro yana nan, ba sai ka kama haya ba.

Ka gaida uwargida da yara, ka gaida hedimasta da sauran malamai. Ka kuma isar da gaisuwata ga iyayen yarinyar. Allah ya yi mana jagora, ya sa albarka a abin da za ka zaɓa. Ina sauraron amsarka.

Wassalam.

Naka amini,
daga Kano.